Jirgin Bazazzagi ya ƙi hawa tudu

Bazazzagi, gaisuwa irin ta ubangida zuwa ga bawansa. Labarin aikinka ya riga ka isa kasuwar Babura. Tun da ka ji layin dogon Kano zuwa Maraɗi zai bi ta Dambatta da Kazaure ya zarce Daura, ka rantse sai ka ƙera wa ɗalibanka ƙaraminsa a kan teburi, tunda layin bai biyo ta garinmu ba. Niyya dai ta yi kyau. Ka sayo ɗan jirgi mai batir a Kano, kafinta ya yanka maka katako, ka kwaɓa takarda da sitaci ka gina duwatsun Kazaure har da fenti.

Da na leƙa, teburin mita ɗaya da rabi ne, dutsen kuma santimita 30, ka miƙe dogo daga ƙasa har ƙoli kamar mai jingina tsani a katanga. Jirgi ya taso da ƙarfinsa, yana dafa gindin tudu ƙafafu suka hau juyawa a wuri ɗaya, ƙugiya ta zame, taragai suka koma Kano da baya. Yara suka yi ta tafi, sun zaci cikin shirin ne. Kai kuwa ka haɗe rai ka ce batir ne jabu.

Batir bai yi maka komai ba, malam. Jirgin ƙasa ƙafar ƙarfe ce a kan dogon ƙarfe, riƙon da ke tsakaninsu kaɗan ne. Wannan sulɓin ne ke sa kai ɗaya ya ja dogon ayarin taragai a fili ba wahala, shi ne kuma ke kayar da shi a hawa. Shi ya sa ma jiragen gaskiya ke tafe da yashi a akwati, su zuba a kan dogo idan ƙafa ta fara zamewa. Injiniyoyi suna auna hawa da tambaya ɗaya: a tafiyar mita 100, mita nawa aka ɗaga? Manyan layuka sukan zauna a ɗaya cikin ɗari ko kusa da haka. Masu ƙera ƙananan jirage a gida sun fi tsayawa a biyu cikin ɗari, wato santimita 2 a kowace mita. Naka ashirin ne cikin ɗari. Ninki goma ka ɗora wa abin tausayi, sannan kana zagin batir.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne wanda ya yi aikin. Da mutumin Babura ne sai a yi masa uzuri, mu ƙasarmu shimfiɗe take, rairayi ne har iyakar Nijar. Amma kai kullum cika mana baki kake da tashar Zariya, wai a gabanku jirgi ya wuce kafin ya iso Kano a 1911, wai cibiyar koyon fasahar sufuri ta ƙasa a garinku take. To ai daga wannan tashar taku aka ja ƙaramin dogon da ya hau tudun Jos don kwaso kuza, ya isa a 1914, aka rufe shi a 1957. Hawan kimanin mita 600 ne, sai da aka shimfiɗa dogo na sama da kilomita 200, ga kwana-kwana. Kakanninka sun tsaya bakin tasha suna kallo shekara arba'in, ashe fate kawai suke sha.

Saurara in gyara maka, kyauta. Rage dutsen nan tukuna. Idan so kake dogo ɗaya ya haye ɗan'uwansa ta kan gada, a sikelin da aka fi amfani da shi a duniya, wanda ake rage jirgi sau 87, kana bukatar ɗagawar kamar santimita 9. A biyu cikin ɗari, dogo mai tsawon mita huɗu da rabi ke nan kafin ka kai gada, da wani irinsa na saukowa. Teburinka ba zai ɗauka a miƙe ba, don haka ka zagaya da dogon ta gefen teburi yana ɗagawa a hankali. Ko ka raba nauyin: na sama ya hau rabi, na ƙasa ya sauka rabi, tsawon da kake nema ya ragu da rabi. Sai dai ka sani kwana tana ƙara wa jirgi nauyin ja, kada ka haɗa kwana mai tsanani da hawa wuri ɗaya. Gindin tudu da ƙolinsa kuma a lanƙwasa su sannu, a nan ne ƙugiyarka ta zame. Kafin ka shafa gam, jera taragai duka ka gwada. Yashi kuwa, ko da muna da shi a banza, kada ka kuskura ka zuba wa naka, injin zai ci.

A Hamburg ta Jamus akwai wasu tagwaye da suka buɗe gidan kallon irin waɗannan jirage a 2001, dogonsu ya haura kilomita 16. Na faɗa maka ne don ka san aikin ba na yara kaɗai ba ne, ba don ka je ka ba mu kunya a can ba.

Aikin gaskiya na layin Kano zuwa Maraɗi da tsohon Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Fabrairun 2021 kilomita 284 ne, kamfanin Mota-Engil na Fotugal ke yin sa, kuma Allah Ya taimake mu ba a nemi shawararka ba. Hukuncinka: ka sassabe dutsen nan kafin ka sake nuna wa ɗalibanka, ka aiko da goron tara, sannan kuɗin sharar bana ninki biyu ne. Zan aiko yaro ya karɓa.