Da Yunwa Ake Kiran Shaho

Turawan Ingila suna da kalmar "lure", wadda suke faɗa idan an nuna wa mutum abin kwaɗayi har ya biyo da ƙafarsa. Mai kanti yana yi wa mai saye, saurayi yana yi wa budurwa, ɗan siyasa kuwa bai bar kowa ba. Da sun tuna inda suka samo ta, da sun riƙa faɗinta ƙasa-ƙasa. Daga tsohon Faransanci ta shigo bakinsu wajen ƙarni na 14, kuma asalinta sunan wani abu ne na masu farauta da shaho: ƙullin fata da aka liƙa wa fukafukai, a maƙala masa ɗan nama, a ɗaure da igiya. Idan shaho ya lula sama ya fara tunanin zaman kansa, sai ubangidan ya wulwula ƙullin nan. Gogan naka ya hango, ya ɗauka kurciya ce, ya yanko a guje, sai ga shi a hannun da ya baro, an mayar masa da hular rufe ido.

'Yan'uwan kalmar ma ba su fi ta kunya ba. "Inveigle" daga kalmar Faransanci mai nufin makantarwa ta fito, "coax" kuma daga wani tsohon sunan wawa. Wato duk wanda aka lallaba da Turanci, ko dai tsuntsu ne, ko an rufe masa ido, ko an gama raina wayonsa. Kada mu cika dariya: mu da muke kiran kyautar saurayi toshi, ai kunne ma ya ji kamarta da toshiyar baki.

Malaman harshe za su ce asalin kalma daban, ma'anarta ta yau daban, kuma Baturen da ke faɗinta bai taɓa riƙe shaho ba. Gaskiyarsu. Sai dai kalmar ce ta manta, sana'ar tana nan daram. Kantunan Landan suna rubuta fam 9.99 don kada ido ya ga goma, su ƙara da cewa rangwamen yau zai ƙare, sai ka ga dattijo da naktayal yana rububin tukunyar da yake da irinta uku a gida. In wannan ba wulwula fukafukai ba ne, mene ne?

Wasu kuma za su ce ai shahon bai yi asara ba, tunda ya ci nama. Ya ci, amma loma ɗaya, zomon da ya kamo kuma yana jakar ubangida. Ga ma babban sirrin: masu wannan farauta sun san ƙosasshen shaho ba ya amsa kira, shi ya sa suke auna nauyinsa kullum, su bar shi da 'yar yunwa daidai gwargwado. Duk wanda ya taɓa mamakin abin da ya sa taliya da sabulu da turmin atamfa ba sa sanin hanyar unguwa sai bayan shekara huɗu, to ilimin tsoho ne, an fara gwada shi a kan tsuntsaye.

Saboda haka mai karatu, in ka ga ana wulwula maka wani abu a sama, kafin ka yanko, leƙa ka ga ko da igiya a jikinsa.