Wata Biyu a Bakin Tekun Ghana da Kuɗin Talaka

Fara da shirya amsar da za ka bai wa dangi. Mun san tafiyar fatauci, mun san ta aikin Hajji da ta neman magani, amma ka ce za ka je ka zauna kana kallon ruwa har wata biyu, sai goggo ta fara tambaya ko lafiya. Ce mata za ka ƙasar da kakanni ke zuwa sayen goro. Nan take hankalinta zai kwanta.

Takardu ba su da yawa. Mai fasfon Najeriya na iya zaman kwana 90 a Ghana ba biza, albarkacin ECOWAS, amma kada ka bar gida ba katin rigakafin shawara. Daga Legas iyaka uku ce a gabanka: Seme, Hillacondji da Aflao. Kada ka canja kuɗinka duka zuwa sefa sannan sidi, domin kowane ɗan canji sai ya gutsiri nasa.

In ka isa Accra, gaishe ta ka wuce. Tun bikin komawa gida da Ghana ta shirya wa baƙaƙen fata na ƙetare a 2019, Disamba a can ta zama ta masu dala. Jira sai tsakiyar Janairu, lokacin da suka kwashe akwatunansu, ka zauna zuwa Maris. Watan Yuni kuwa kada ka soma, yammacin gaɓar nan ta fi ko'ina a ƙasar ruwan sama, wankinka sai ya yi kwanaki a igiya yana jiran rana.

Nufi Takoradi, ka hau motar haya, wato tro-tro, zuwa Agona Nkwanta. A nan hanya ke rabuwa, kuma ƙa'idar guda ce: iya lalacewar hanya, iya arahar ɗaki. Busua na da kyau, sai dai Turawa masu hawan igiyar ruwa sun riga ka. Butre ta fi shiru, ga tsohuwar ganuwar Batenstein da 'yan Holan suka gina a 1656 tana kallon ƙauyen daga kan tudu. In ƙugunka zai jure gargada, zarce Akwidaa ko Cape Three Points, ƙarshen kudancin Ghana, inda hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta 1925 za ta zama maƙwabciyarka.

Yanzu ga inda arahar take, kuma a nan nake so ka natsu. Kada ka biya kuɗin wata biyu ta intanet, wannan farashin baƙo ne. Kama ɗaki na kwana biyu kawai. Zaga gari, ka gaida dattawa, ka sayi kwakwa wurin mace ɗaya safe da yamma har ta riƙe fuskarka. Sannan ka tambayi kuɗin wata, ba na dare ba. Kafin ka biya, murɗa famfo ka gani, kunna fanka, ɗaga gidan sauro ka nemi huji. Iskar gishiri ba ta da mutunci, zik ɗin jaka da bakin caja duk tsatsa take ci, don haka ƙulle su a leda.

Da safe koko da ƙosai, da rana waakye (shinkafa da wake), da dare kenkey (dokunun masara) da soyayyen kifi da barkono. Sayi ɗan risho. In masunta na jan koma a bakin yashi, naɗe wando ka kama igiya tare da su. Tafin hannunka zai yi ja, amma da wuya ka koma ɗaki ba kifi. Ranar Talata ba a fita su, saboda haka yi tanadi tun Litinin. Ranar Juma'a ka shiga Takoradi ka nemi Zango: ga masallaci, ga naman yanka, ga wanda zai yi maka barka da zuwa da Hausa.

Teku kuwa, ruwa ba sa'an kwando ba ne. Iyon da ka koya a kududdufin unguwa ba ya aiki a nan, akwai wuraren da ruwan ke jan mutum can ciki alhali samansa lumui. Tambayi masunta inda ake shiga, inda suka ce a'a ka tsaya iya gwiwa.

Kuɗin motar komawa ka ɗaure su daban tun ranar farko, ka cusa a ƙasan jaka. Gasasshen kifin Butre ya iya lallashin aljihu.