Masu Sayen Rashin Takalmi da Kuɗinsu

Tun da wani ɗan jaridar Amurka, Christopher McDougall, ya fitar da littafinsa Born to Run a 2009, masu gudun motsa jiki ba su sake zama lafiya ba. Littafin ya ba da labarin 'yan ƙabilar Tarahumara na ƙasar Meksiko, masu yini suna keta duwatsu da kwazazzabai a guje, ba komai a ƙafarsu sai faɗe da aka yanko daga tsohuwar taya. Nan take mutanen da suka tashi cikin kambas mai katifa suka dubi ƙafafunsu, suka ce ashe cutarsu aka yi ta yi. Su kuwa kamfanoni ba sa barci. Dama Vibram na Italiya ya riga ya fito da FiveFingers, takalmin da kowane yatsa ke da ɗakinsa, ƙasansa 'yar roba siririya. Kambas ɗin gudu na yau da kullum dunduniyarsa kan fi gabansa tudu da milimita 10 zuwa 12, wannan kuwa a shafe yake, ba tudu ba katifa. Wato mutum ya zuba kuɗi masu kauri don ya riƙa jin tsakuwa. Jama'ar da suka shiga wannan harka kala-kala ne.

Wanda za ka fara cin karo da shi shi ne sabon tuba. Makon jiya ya saya, yau ya zama mai wa'azi. Ka ce masa ina kwana, ya dubi ƙafarka ya girgiza kai: "Malam, wannan takalmin naka ne ke kashe maka gwiwa." Gwiwarka lafiyarta ƙalau, amma ba zai saurare ka ba. Ya haddace cewa ƙashi 26 ne a ƙafar ɗan Adam, kuma ko a wurin ɗaurin aure sai ya sanar da na kusa da shi. Babbar hujjarsa Abebe Bikila, sojan Habasha da ya lashe gudun fanfalaki na gasar Olamfik a birnin Rum a 1960 ba takalmi. Gaskiya ne, an yi haka. Abin da ba ya faɗa shi ne Bikila ya sake lashewa a Tokyo a 1964 sanye da takalmi, har ya rage kusan minti uku a kan lokacinsa na farko. Ka tuna masa, sai ya ce ana kiransa a waya.

Sai sarkin gaggawa, wanda shi ne abincin masu ɗori. A jikin kwalin an rubuta a fara da kaɗan-kaɗan, amma shi yana ganin da ragwaye ake. Ranar farko ya yi kilomita goma a kan kwalta, ya dawo yana cewa bai taɓa jin jikinsa sakayau haka ba. Washegari da asuba aka ji salati daga ɗaki. Sharaɓa ta sandare, jijiyar agara ta ce ba da ita ba, dunduniya ta ƙi taɓa ƙasa. Ka gan shi a matakalar bene: hannu biyu a jikin ƙarfe, ya juya baya yana saukowa, ƙafa ɗaya sai ta yi shawara kafin ta bi 'yar'uwarta, yara na tsaye a ƙasa suna danne dariya. Ba asiri ba ne kuma ba sammu ba. Mai gudu cikin katifa yakan dira da dunduniya, idan aka cire katifar sai ya koma dira da gaban ƙafa, nauyin da gwiwa ta saba ɗauka ya sauko kan sharaɓa da agara da ƙananan ƙasusuwan tafin ƙafa, waɗanda suka shekara talatin suna hutu. Tsoka kan saba da wuri, jijiya da ƙashi kuwa sai sun ɗauki watanni. Shi ya sa bayan ciwon tsoka ya lafa, gogan naka ya koma ya ninka tafiyar, sai ga tsagewar ƙashi. Ko yana dogara sanda, ka tambaye shi, zai ce ƙafar ce take koyon zama da gaskiya.

Akwai ɗan boko, wanda ba ya taka ƙasa sai da hujja. Bakinsa kullum Farfesa Daniel Lieberman na jami'ar Harvard, da binciken da shi da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Nature a 2010, inda suka auna yadda masu gudu a Amurka da Kenya ke dira. Binciken ya nuna waɗanda suka saba gudu ba takalmi sun fi dira da gaba ko tsakiyar ƙafa, kuma bugun farko da ke dukan jiki ya fi sauƙi a haka. Bai ce an yi sallama da rauni ba. Ɗan boko ya san wannan sarai, don haka har yanzu yana nazari. Takalmin na cikin kwali.

Ɗan gayu kuma hoto ya kawo shi. Wahalarsa tun daga sakawa take farawa: ya zauna bakin gado, ya tura babban yatsa ɗakinsa, na biye ya bi, sai ƙaramin ya ƙi, ya lanƙwashe ya shige ɗakin maƙwabcinsa. A ciro, a sake, a sa hannu ana raba yatsu ɗaya bayan ɗaya. Kafin a gama rana ta fito, sai a ɗauki hoton ƙafa a sa a Instagram, a nemi shayi. Da yake ba a cika sa masa safa ba, bayan 'yan kwanaki uwargida ta yanke hukuncin cewa a waje zai riƙa kwana. Amfani ɗaya dai ba a musunsa: ka ajiye shi a ƙofar masallaci, ka fito ka tarar da abinka, don ɓarawo ma bai san wa zai sayar wa ba.

Mai tsattsauran ra'ayi yana kallon duk waɗannan a matsayin masu raunin imani. A wurinsa ko siririyar roba ha'inci ce, ƙafa zalla yake fita. Yana alfahari da kaushi, yana nuna faso a bainar jama'a. Ya san zafin kwalta da azahar, ya san fasasshiyar kwalba, ya kuma san tsaidau sani na haƙiƙa. Matarsa ta gaji ta ce, "Baban Amina, maƙwabta fa sun fara tambayata ko lafiya."

Shi kuwa mai ridda, jiya shi ne liman, yau ba ya son a tuna masa. Ya sha ciwo, sannan ya ji cewa a 2014 Vibram ya amince ya biya dala miliyan 3.75 don kashe ƙarar da aka shigar a Amurka kan alfanun lafiyar da yake tallatawa, duk da bai amsa laifi ba. Sai ya yi tsalle ya faɗa ɗaya gefen, ya sayi takalmin Hoka mai ƙasa kamar burodin 'yan shayi. Da Eliud Kipchoge ya yi gudun fanfalaki cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Biyana a 2019, cikin Nike mai tulin katifa da farantin kabon, sai ya samu sabuwar aya. Wa'azin bai canza ba, takalmin ne kawai ya canza, kuma har yanzu gwiwarka yake tausaya wa.

Duk wannan a kan idon Baba mai gadi ake yi, mutumin da ya yi kiwo da noma da tafiyar kasuwa da ƙafar Allah, bai mallaki takalmi ba sai da ya isa aure. Ya karɓi takalmi mai yatsu na maigidansa ya juya, ya lanƙwasa, ya leƙa ciki. "Yallaɓai, nawa ka ce ka saya?" Aka faɗa masa. Ya yi shiru, ya dubi takalmin tayar da ke ƙafarsa, ya ce, "Allah ya ƙara arziki." A ganina duk cikinsu shi ya fi fahimtar littafin McDougall, alhali bai san an rubuta shi ba.

Akwai wani da ba a cika lura da shi ba, don ba ya surutu. Ya fara da yawo da takalmin mai yatsu a tsakar gida, sannan 'yar sassarfa ta minti biyar a kan ciyawa, ranar da ƙafa ta yi ƙorafi ya huta. Bayan wasu watanni yana gudunsa lafiya, wata rana da wannan, wata rana da tsohon kambas ɗinsa. Ba shi da labarin bayarwa, shi ya sa ba a gayyatarsa hira.

Kai kuma mai karatu, in har ka ƙudura sai ka gwada, kada ka kyautar da tsohon kambas ɗinka tukuna. In kuwa kana da ciwon suga da ya fara kashe maka jin ƙafa, ka ga likita kafin ka ga mai shago.