Yadda ake koya wa ɗan yatsa haƙuri a kan tabilet

A gidaje da yawa tabilet ba ta da takamaiman mai ita. Maigida ne ya saya da sunan karatu, uwargida ta karɓe don kallon fim, autan gida kuma ya fi kowa sanin lungu da saƙonta tun bai iya sa wando daidai ba. Yatsu da dama ke yawo a fuskarta, kuma kowane ɗan yatsa ya fi idon mai shi sauri. Da wannan saurin 'yan damfarar intanet suke cin abinci, saboda haka duk mai son tabilet ɗinsa ta zauna lafiya, ɗan yatsansa zai fara sa wa a makaranta.

Karatun farko shi ne ɗalibi ya san ta inda ɓarna ke shigowa. Yawancin miyagun manhajoji ba sa haura katanga. Sallama suke yi a ƙofa, mai gida ya amsa, ya zare sakata, har ya shimfiɗa musu tabarma. FluBot, wadda ta ɓulla a Sifaniya a ƙarshen 2020, haka ta riƙa yi wa masu Android. Saƙon tes ne zai shigo cewa ga wani kaya an aiko, a danna nan a ga inda ya kwana. Mutumin da bai sayi ko allura ba sai ya danna. Shafi ya buɗe da tambarin kamfanin kai saƙo, ya ce a sauke manhajar bibiya, ya sauke. Na'urar ta yi gargaɗi cewa wannan abu ba daga Play Store ya fito ba; ya ce ya ji ya gani. Daga nan manhajar ta nemi izinin da aka tanada don taimaka wa masu raunin gani da nakasa, wanda ke ba ta damar karanta duk abin da ke kan fuska, ta kuma danna da kanta. Ya ba ta. Shi ke nan, sai ta shimfiɗa shafin bogi a kan manhajar banki, ta kwashe lambobin sirri, ta karanta lambar tabbatarwa da banki ke turowa, ta ɗebi lambobin mutanen da ke cikin na'urar don a aika musu irin saƙon. A 2021 hukumar sadarwa ta NCC ta gargaɗi 'yan Najeriya a kanta, kuma sai a 2022 'yan sandan ƙasashe 11, tare da Europol, suka karya ƙashin bayanta. A kowane mataki na wannan tafiya akwai wurin da ɗan yatsa zai iya ja da baya, kuma tabilet ɗin Android mai layi kan karɓi tes kamar waya.

Karatu na biyu ya fi wuya, domin zama wuri ɗaya ne. A kwamfutar tebur mutum na iya kai kibiya kan linki ya ga inda ya nufa. A tabilet babu kibiya, sai dai a ɗora ɗan yatsa a kan linkin a bar shi a danne na ɗan lokaci, kada a ɗaga. Adireshin zai fito fili. Ɗan yatsan da ya saba da tsalle zai ji ƙaiƙayi a makon farko, amma yana sabawa.

Idan adireshin ya fito, ba farkonsa ake dubawa ba. Ainihin sunan shafin shi ne guntun da ke dab da karkatacciyar sanda ta farko bayan https://. Ɗan damfara na iya sa sunan banki ko na wata ma'aikata a gaba, ya jona masa wata jela da ba a san asalinta ba, kuma jelar ce mai shafin. Galibin shafukan gwamnatin Najeriya da gov.ng suke ƙarewa. Wanda ya ce rabon tallafi yake yi amma ya ƙare da wani abu dabam, a bar shi da tallafinsa. Ido ma yana iya ruɗuwa: a 2017 wani masani mai suna Xudong Zheng ya yi rajistar adireshi da haruffan da ake rubuta Rashanci da su, ya fito a wasu manhajojin shiga intanet sak kamar apple.com. Ɗan kwaɗon da ke gefen adireshi shi ma ba shaidar kirki ba ne, alama ce kawai cewa hanyar a rufe take tsakanin mutum da shafin, ko da shafin na ɓarawo ne. Mutane sun daɗe suna yi masa gurguwar fahimta, har Google ta cire shi daga Chrome a 2023. Mafita mai sauƙi ita ce mutum ya rubuta adireshin bankinsa da hannunsa, ko ya buɗe manhajar bankin kai tsaye.

Sai maganar kwaɗayi, mabuɗin wahala. Data kyauta, gurbin aikin da ba a yi talla ba, kyautar cikar kamfani shekara kaza, da sharaɗin a tura wa zaure biyar kafin a karɓa. Sau da yawa Goggo ce ta turo a zauren dangi da zuciya ɗaya, har da addu'a a ƙasa. A amsa mata da amin, a gaishe ta da jiki, linkin kuma a bar shi inda yake. Masu son WhatsApp mai ado su ma su ji: a 2021 an yaɗa linkin wata WhatsApp mai ruwan hoda da ta zama tarko, kuma a shekarar ce kamfanin Kaspersky ya gano muguwar manhajar Triada a cikin wani samfurin FMWhatsApp, 'yar'uwar GBWhatsApp da ake tura wa juna ta Xender.

Wanda kwaɗayi bai kama ba, tsoro ake gwada masa. Ana cikin kallo sai shafi ya yi ja, ya hau ƙara, ya ce tabilet ta kamu da bairos, a danna nan cikin minti biyu ko komai ya lalace. Shafin intanet ba shi da ikon duba cikin na'ura. Ihun banza ne. A rufe shafin baki ɗaya, kada a taɓa ko maɓallin da ya ce a'a. Haka idan baƙon shafi ya nemi izinin turo sanarwa, a hana shi, in ba haka ba zai riƙa leƙowa dare da rana.

Masu iPad kan gyara zama idan ana wannan hira, kuma da gaskiyarsu ta wani fanni, domin ɗora manhaja daga waje ya fi wuya a wurinsu. Amma su tuna da Ahmed Mansoor, ɗan rajin kare haƙƙin ɗan Adam a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. A watan Agustan 2016 aka turo wa iPhone ɗinsa saƙo mai alƙawarin tona asirin azabtar da fursunoni, abin da aka san zai taɓa masa zuciya. Bai danna ba. Ya tura wa masu bincike na Citizen Lab a Jami'ar Toronto, su kuma suka tarar da manhajar leƙen asiri ta Pegasus a bayan linkin, tana amfani da ɓaraka uku da Apple ba ta san da su ba. Dannawa ɗaya ta isa a mallake wayar, ba tare da wata tambaya ba. Cikin kusan mako biyu Apple ta fitar da iOS 9.3.5 don toshe ɓarakar a iPhone da iPad. Ɗan yatsa ɗaya mai tarbiyya ya amfani miliyoyin mutane. Wannan ne kuma dalilin da ya sa saƙon sabuntawa, wanda ake ta ɗage wa don tsoron cin data, shi ne ya cancanci a danna da wuri.

Auta kuwa ba ya jin wa'azi, duk abin da ya yi ƙyalli sai ya taɓa. A buɗe masa ɓangarensa dabam da manhajar Family Link, a bar Play Protect a kunne, manhajar banki kuma ta kwana a wayar mai asusun, ba a tabilet ɗin kowa da kowa ba.

Idan aikin gama ya gama, an danna, an sauke, an ba da izini, ba lokacin neman mai laifi ba ne. A kashe data da Wi-Fi nan take. A kira banki da wata wayar a sa su rufe kati, a canza kalmomin sirri daga wata na'urar. A gwada goge baƙuwar manhajar. Idan ta ƙi fita, a kwashe hotuna da takardu, a mayar da tabilet yadda ta fito daga kamfani, ko a kai wa amintaccen mai gyara, kuma kada a dawo da tsofaffin manhajojin sai daga Play Store. Sannan a sanar da dangi da abokan aiki cewa duk linkin da ya zo musu daga wannan lambar a kwanakin nan, kada su buɗe.