Gould da Gould

Masoya kiɗan Bach ba sa rasa abin musu. Cikin masu kaɗa piyano, wasu na Murray Perahia ne, wasu na András Schiff, amma rigimar da ta fi zafi tsakanin Glenn Gould ce da Glenn Gould. A 1955 ɗan Kanadan nan ya kaɗa Goldberg Variations na Bach cikin minti 38, kamar wanda ya bar tuwo a wuta. A 1981 ya sake, ya ja shi har minti 51. Magoya bayansa suka rabu gida biyu, kowa na rantsuwa nasa Gould ɗin ne na gaskiya, alhali a duka biyun ana jin gunaguninsa yana rera wa kansa. Bach kuwa hafsikod ya rubuta wa kiɗan, ba piyano ba, amma ba wanda ya tambaye shi.