Yadda Ake Fito da Fayil daga Ma'aikatar Lafiya ba Tare da Hawan Jini ba

Ƙanena ɗan jarida, ranar da za ka tunkari ma'aikatar lafiya neman takarda, ka karya kumallo da ɗumame. Koko da ƙosai ba za su kai ka azahar a kan bencin sakatariya ba. Ka kuma sa takalmin da ba ya cizo, domin ofishin da kake nema yana hawa na uku, in ka hau kuma za a ce ai tun bara aka dawo da shi ƙasa.

Bayan ciki da ƙafa, sai aljihu. Ka buga Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda ma'aikata suka fi sani da FOI, ka ninke ka saka. Shugaba Goodluck Jonathan ne ya sa mata hannu ranar 28 ga Mayu, 2011, bayan ta yi fiye da shekara goma tana kai-kawo a Majalisar Tarayya. Har Obasanjo ya sauka a 2007 bai rattaba mata hannu ba. Mutane sun sha wuya kafin a same ta, don haka abin takaici ne a bar ta tana shan ƙura. Ta ce kowa yana da ikon neman bayanin da ke hannun hukuma, kuma ba dole ne ya faɗi dalilinsa ba. Wannan gaɓar ka haddace ta kamar karatun allo, domin tambayar farko da za a tare ka da ita ita ce, "To, me za ka yi da shi?" Ka yi murmushi ka ce, "Ranka ya daɗe, karantawa zan yi."

Wasiƙar ita ce rabin aikin, kuma a nan yawancinmu muke yin tuntuɓe. In ka rubuta cewa kana son "duk bayanan da suka shafi lafiya a jihar nan", ka ba su hutu, domin ba wanda zai iya ɗauko maka wannan ko yana so. Haka in ka tambayi "don me yara ke mutuwa", za a haɗa ka da jami'in hulɗa da jama'a, ya ba ka jawabi mai daɗi da ruwan roba. Fayil ba ya amsa "don me". Kira takarda da sunanta: takardar ba da kwangilar gyaran asibitin gari kaza, baucar biyan kuɗin, takardar shaidar kammala aiki, daga wata kaza zuwa wata kaza.

Ga misalin da ya kamata kowane mai ɗauko labarin lafiya ya fara da shi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, BHCPF, ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Sai a kasafin 2018 aka fara ware masa kuɗi, Naira biliyan 55.1. Wani kaso yana bi ta NPHCDA, hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa, zuwa asusun bankin ƙananan asibitoci, da nufin a samu aƙalla guda mai aiki a kowace mazaɓa. To ka nemi sunayen asibitocin da ke cikin tsarin a ƙaramar hukumarku, da adadin da aka tura wa kowanne, da ranar da aka tura. Abu uku ke nan, kuma duk suna cikin kwamfutar wani.

Ka rubuta wa Babban Sakatare ko shugaban hukumar, ka ambaci dokar a kanun wasiƙa, ka yi kwafi biyu. Ɗaya ka miƙa a rajistara, ɗaya kuma kada ka motsa sai an buga mata hatimi, an sa hannu, an rubuta kwanan wata. Ko za a ce tawadar hatimin ta bushe, ka jira a jiƙa ta. Ranar da magana ta kai gaban alƙali, wannan hatimin ne shaidarka.

Yanzu sai gaisuwa. Ka gai da Hajiya mai rajistara da kyau, ka tambayi yara. Ka rusuna wa Baba masinja, domin kwamishinoni nawa suka zo suka tafi yana nan, kuma shi ya san teburin da fayil ya kwana. Da ɗan gari kan ci gari. Amma gaisuwa ta tsaya a gaisuwa: dokar ba ta ɗora maka komai ba sai kuɗin fotokwafi da kwafe rubutu. Kai ma in an miƙo maka ambulan "na mota", ka gode ka ce ka riga ka biya mai adaidaita. Wanda ya karɓi na mota ba ya iya dawowa ya tambayi bauca.

Daga ranar hatimi sai lissafi. Kwana 7 doka ta ba su. Suna iya ƙara wasu 7 in takardun suna da yawa, amma sai sun sanar da kai a rubuce. In za su hana, dole su rubuta dalili da sashen da suka dogara da shi. In sun yi gum har wa'adi ya cika, doka ta ɗauka hanawa ce, kuma kana da kwana 30 ka garzaya kotu. Wanda aka samu da laifin hanawa ba bisa ƙa'ida ba, tarar Naira 500,000 ce, wanda kuma ya lalata ko ya sauya takarda da gangan, ɗaurin aƙalla shekara ɗaya.

A tsakanin nan za ka ji uzurori, kuma ka saurare su da ladabi. Oga ya tafi taro Abuja. Mai makullin kabad ya je ta'aziyya. An ɗauke wuta, janareta ba mai. Waɗannan maganinsu kujera da haƙuri da wasiƙar tuni. Biyu ne suke buƙatar amsa. Na farko, "Sirrin gwamnati ne." Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ake nufi, kuma dokar 2011 ta ce buga wa takarda tambarin sirri kaɗai bai isa ya hana a bayar da ita ba. Na biyu, "Ai wannan dokar tarayya ce, ba ta shafi jiha ba." Shekara da shekaru wannan ne garkuwar jihohi, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Afrilun 2025 cewa ta shafe su. Abin da ya kamata ya faranta maka rai shi ne, shari'ar kan lafiya ce: wasu 'yan fafutuka ne suka nemi takardun kuɗi daga hukumar yaƙi da cutar ƙanjamau ta Jihar Edo a 2014, aka hana su, suka bi maganar shekara 11.

Akwai takardar da za a hana ka, kuma hanawar daidai ce: katin majiyyaci. Doka ta kare bayanan marasa lafiya da sirrin da ke tsakaninsu da likita. Adadin matan da aka yi wa aikin yoyon fitsari haƙƙinka ne ka sani. Sunayensu ba naka ba ne, ko da wani ya ɗauko rajistar ya ajiye a gabanka.

Kada ka zauna jiran amsa hannu rabbana. Abubuwa da yawa suna intanet ba mai gadinsu. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, tana fitar da rahotanni kan zazzaɓin Lassa, kwalara, sanƙarau da mashaƙo, jiha-jiha. Akwai binciken lafiya na NDHS da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke gudanarwa, akwai rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi, akwai shafin hukumar CAC inda za ka duba ko kamfanin da ya ci kwangilar gina ɗakin haihuwa yana da rajista, kuma yaushe aka yi ta. In ka buɗe kasafi, ka riƙe cewa abin da aka ware daban, abin da aka saki daban, abin da aka kashe daban. Gwamna zai yi alfahari da cika alƙawarin Abuja na 2001, na ware wa lafiya kashi 15 cikin 100. Ka taya shi murna, sannan ka nemi rahoton aiwatar da kasafi na kowane wata uku.

Ranar da fayil ya fito, kada ka ruga ɗakin labarai. Ruga tasha. Takarda ta ce an sayi firjin rigakafi mai aiki da hasken rana, to je ka buɗe shi ka sa hannu ka ji ko da sanyi. Ta ce akwai ungozoma biyu, to je da daddare, lokacin da naƙuda ta fi kamawa. Ka zauna da mai kula da asibitin, da kwamitin mazaɓa, da mai unguwa, da matan da ke layin awo. Ka tuna Bagega. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan masu haƙar zinare a Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara aƙalla 400 suka rasu. An yi alƙawarin kuɗin tsaftace Bagega, ɗaya daga cikin ƙauyukan da gubar ta shafa, kuɗin suka maƙale, sai da matasan Follow The Money da wasu ƙungiyoyi suka yi ta bin sawu suna kwarmato kafin a sake su a farkon 2013. Kowane watan jinkiri, yara suna wasa a cikin wannan ƙurar.

In wani ma'aikaci ya taimake ka a ɓoye, ka rufa masa asiri. Dokar ta ba irinsa kariya, amma takardar canjin wurin aiki zuwa ƙauyen da mota ba ta shiga da damina ta fi shari'a sauri. Ka goge sunansa daga waya, ka duba kada sa hannunsa ya fito a hoton takardar.

Kafin ka fitar da labari, ka koma wa hukumar da abin da ka gani, ka ba su dama su yi bayani, ka kuma sa bayanin nasu yadda suka faɗa. Sannan ka kai shi rediyo da Hausa. Ka ambaci sunan mazaɓa, ka ambaci ranar da kuɗi ya shiga, ka karanta adadin a hankali sau biyu, yadda mai shayi da abokan cinikinsa za su riƙe. Washegari ka sayi farar takarda biyu, ka rubuta sabuwar wasiƙa kana neman rasit ɗin abin da aka saya da kuɗin.