Murhu Ma Sai da Takarda

A Landan, hura wutar itace a cikin gida ba wasan yara ba ne. Bayan hayaƙin 1952 da ya kashe dubban mutane, dokar 1956 ta ba ƙananan hukumomi ikon haramta hayaƙi a unguwanni. Yau mai son ɗumi sai ya sayi murhun ƙarfe mai ƙofar gilashi wanda ma'aikatar muhalli ta Defra ta lamunce, wanda ko ka so toshe masa iska duka ba zai yarda ba. Itacen ma sai an soka masa na'ura kamar majinyaci, danshinsa kada ya wuce kashi 20 cikin ɗari. Ga mai sharar bututu duk shekara. In bututun ya yi gyatsar hayaƙi, tara na iya kai fam 300, maƙwabci kuwa bai taɓa rufe labulensa ba.